Abin da Tururuwa Suka Bari

Kai mai karatu, kafin ka sa ido a wasiƙun mutane, riƙe wannan tukuna. Mene ne yana da ɗaki, amma bai taɓa kwana a cikinsa ba, ɗakin ne yake kwana a cikinsa? Ba shi da ƙafa, amma duk inda ya bi sai ya bar hanya. Dutsen niƙansa kuwa a cikin ciki ya ajiye shi.

Kakata ce ta yi mini wannan tambaya ranar da ta fara kai ni tsintar katantanwa, kuma ba ta gaya mini amsar ba, sai da na tono ta da hannuna. Haka muke yi a gidanmu. Ni ma na yi wa jikata Narelle tana 'yar shekara tara. Ta ce wasan tsofaffi ne, ta girma, ta tafi birnin Hobart karatu, shekara huɗu ba ta taka tsibirin nan namu na Cape Barren ba.

Ni ce Elvie, mai jera katantanwa a zare, kamar uwata da uwarta. A shekarar da aka rubuta wasiƙun nan idona na dama ya riga ya dushe, na hagu yana bin sawu, kuma a jinina babu wadda ta karɓi basilla daga hannuna. Nata wasiƙun a gwangwanin biskit na ajiye su. Nawa kuma ita ta dawo mini da su, wai in gyara rubutun. Ban gyara komai ba.

*

Hobart, 9 ga Afrilu, 1993

Nana,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya gwiwar nan? Yaya Kawu Clyde da tarinsa? Ni lafiya lau, sai sanyi da ya fara saukowa daga kan dutse. Na san yanzu rabin tsibiri yana can wajen kamun tsuntsu, to in an dawo a ajiye mini ko biyu a gishiri.

Nana, wata buƙata ce da ni. Aikin shekarar ƙarshe da aka ba ni a kan wata halitta ce ta cikin yashin teku. Fara ce, laushi gare ta, tsawonta bai wuce babban yatsa ba, a ƙarƙashin yashi take tafiya ba a ganinta. Abin da ake so in gano shi ne me take ci. Wata uku ina yawo da shebur da rariya a bakin ruwan nan, huɗu kacal na samu. Malamina ya ce in ban haɗa talatin kafin ƙarshen Oktoba ba, aikin bai yiwu ba, kuma gurbin karatuna a bana yake ƙarewa.

Na zana miki ita a bayan takarda. Kamar na tuna ina ganin irinta a filin yashin bayan gidanki. In kin gan su ki tara mini. Zan aiko miki da kwalabe da bayanin yadda ake adana su a jirgin mako mai zuwa.

Ba zan samu zuwa hutun nan ba, aiki ya yi yawa.

Jikarki,
Narelle

*

Cape Barren, 27 ga Afrilu

Zuwa ga babbar malama mai shebur,

Gaisuwa mai yawa. Gwiwa tana nan, ita ce take gaya mini za a yi ruwa kafin rediyo ya sani. Ƙanena Clyde yana tari yana shan taba, ya ce tabar ce take riƙe da tarin don kada ya fi haka. Tsuntsu ya yi kitse bana. An kawo mini ashirin, na ajiye miki biyu a gishiri, amma kullum na wuce sai mun kalli juna, ban yi miki alkawarin komai ba.

Na juya takarda na ga zanenki. Da farko na zaci dankali ne aka fere. Na kai wa Clyde, ya sa tabarau, ya ce ai kitsen yashi ne. Yarinya, shekara huɗu a Hobart, ashe kan kitsen yashi aka ɗora ki? Abin da kike takawa tun kina rarrafe? Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni.

Kuma wa ya ce miki da shebur ake nemansa? Jira ake yi wata ya cika ko ya mutu, ruwa ya janye can nesa, har dutsen da marigayi kakanki Athol yake ɗaure kwale-kwale ya nuna gindinsa. Sai ki fita da safe kafin iska ta tashi ta share yashin. Za ki ga wata 'yar hanya kamar an ja yatsa. Kada ki tona inda ta fara, ya daɗe da barin nan. Ki bi ta har inda ta ƙare, inda yashi ya ɗan kumbura, ki zura yatsu biyu a hankali. Yana nan, sanyi ƙalau, sai yauƙi. In kin taɓa shi kada ki sosa ido, yaji gare shi. Athol ya taɓa lasa don gardama, ya yini yana tofar da yawu.

Kwalabenki ba su iso ba. Iskar yamma ta hana jirgi sauka har sau biyu. Amma ki kwantar da hankalinki, ba yau na fara adana abin teku ba.

Na ga layin da kika maƙala can ƙasa, ɗan mitsitsi, wai ba za ki zo ba. Idona bai lalace har ya kasa ganin wannan ba. A bana na samu katantanwar sarƙa, maireener, masu kyau a cikin ciyawar teku, masu ƙyallin kore da shuɗi. Na tsaya a ruwa har ƙugu, sanyi yana cin ƙashina, amma na cika kwalba biyu. Suna can bayan gida, ƙudaje suna cinye naman. Na san kin ce warinsu ne ya kore ki daga gidan nan. Wata biyu kawai yake yi. Sarƙar uwata da ke wuyana ta haura shekara saba'in, ba wanda ya taɓa toshe hanci.

Kakarki,
Elvie

*

Cape Barren, 2 ga Yuni

Narelle 'yar gidana,

Ina fata kina lafiya kina cin abinci mai zafi, ba burodi da ruwan shayi ba. Ni lafiya, gwiwa dai ta yi fushi da ni, za ki ji dalili.

Ga gwangwanin tabar Clyde nan. Ki buɗe a hankali, nesa da taga, don numfashi ma yana iya ɗauke su. Talatin kika ce, na sa talatin da huɗu saboda fashewa.

Janyewar ruwa uku na yi ina rarrafe a yashi. Matar mai kanti ta hango ni daga hanya, ta je ta gaya wa Clyde tsohuwa ta faɗi. Sai ga shi ya taho yana haki, yana tura baro, wai zai kwashe ni. Na ce tunda ka zo, riƙe bokiti.

Ban taɓa yin aiki mai wuyar wannan ba. Ɓawonsa ba a waje yake ba kamar na kowa, a ɓoye yake cikin jiki, kuma bai kai kaurin fatar albasa ba. Na fara gwada ƙudaje, tsutsa ta fasa mini biyu. Sai na koma wa ƙananan baƙaƙen tururuwan nan na gindin tankin ruwa, inda rana take bugawa. Kowane ɗaya na sa shi a murfin kwalba shi kaɗai, na kifa rariya a kai saboda tsuntsaye. Sanyi ya sa tururuwan lalaci, sai su yi kwana goma a kan guda, amma aikinsu tsaf. In sun gama sai in ɗauke ɓawon da gashin tsuntsu, in ɗauraye a ruwan ɗumi, in kwantar a auduga.

Ki ɗaga ɗaya a hasken rana ki gani. Kamar farcen jariri, ana hango yatsa ta bayansa. Ko uwata ba ta taɓa fitar da talatin da huɗu babu tsaga ba. Ki gaya wa malaminki haka.

Kwalinki ya iso jiya, bayan na gama. Kwalabe ne da wani ruwa mai warin asibiti da takarda mai ƙananan rubutu. Ban wahalar da idona ba tunda aiki ya ƙare. Ruwan dai ya yi kyau wajen goge gilashin taga.

Kakarki mai aiki kyauta,
Elvie

*

Hobart, 11 ga Yuni

Nana,

Ina fata kina lafiya. Gwangwani ya iso.

A gaban malamina da sauran ɗalibai na buɗe shi, don na riga na cika musu baki cewa kakata ta samo talatin da huɗu. Nana, ba ɓawon nake nema ba, cikinsa nake nema. Na rubuta miki cewa abin da yake ci ake so in gano. To yaya zan gano, bayan kin ba tururuwa shi da abincin da ke cikinsa? Da kin jira kwalin, da kin karanta takardar, jefa shi kawai ake yi ɗungum cikin sifirit ɗin nan da kika goge taga da shi. Aikin minti ɗaya.

Malam ya ɗaga ɗaya, ya ce bai taɓa ganin mai kyau haka ba, sannan ya tambaye ni ina sauran dabbar take. Wani ɗan ajinmu ya ce a je a tambayi tururuwa. Kowa ya yi dariya, ni ban yi ba.

Ba komai ne abin sarƙa ba, Nana. Wata biyu sun tafi a banza. Don Allah kada ki sake taɓa ko ɗaya. Zan san yadda zan yi.

Narelle

*

Hobart, 29 ga Yuli

Nana,

Ina gaishe ki. Lafiya kuwa? Mako bakwai ke nan ban ga rubutunki ba. Na buga waya kanti sau biyu, matar ta ce tana ganin hayaƙi a bututun gidanki, iyakar abin da ta sani ke nan.

Na sake karanta wasiƙarki ta ƙarshe. Sai yanzu na lura da janyewar ruwa uku, a sanyin Mayu, da gwiwar nan. A ranar, adadin kawai na karanta.

Na ajiye shebur. Na bi hanyar yashi yadda kika ce, na samu biyar, tara ke nan. Na buɗe cikinsu, duk ɓarɓashin katantanwa ne an niƙe. Ni da malam mun zauna a kai yini biyu mun kasa gane ko na mene ne. Littattafanmu hoton cikakkiyar katantanwa suke nunawa, ba gutsure ba. Ko na samu talatin ɗin, ban san me zan rubuta ba.

Gwangwanin yana kan teburina, ba wanda nake bari ya taɓa. In fushi kike yi, ki zage ni a takarda, ya fi mini shirun nan.

Jikarki,
Narelle

*

Cape Barren, 16 ga Agusta

Narelle,

Lafiyata lau, ban mutu ba. Da na mutu da kin ji, Clyde ba ya iya riƙe labari.

Fushi na yi, na mako biyu, kuma na ji daɗinsa. Bayan nan aka kai ni birnin Launceston duba ido, na zauna gidan 'yar'uwarmu Anti Merle. Ni na ce wa matar kanti kada ta gaya miki. Hayaƙin da ta gani Clyde ne, yana ɗumama mini gida yana cinye mini biskit. Likitan yaro ne mai sanyin hannu. Ya ce na dama ya tafi ke nan, ba yanar ido kaɗai ba ce, akwai wani abu can baya da ba ya gyaruwa. Na hagu kuma wataƙila ya kai ni shekara guda a aikin kusa. Na ce masa, huda katantanwa fa? Ya kalle ni kamar na tambaye shi hanyar wata. Ba don ki ji tausayina na gaya miki ba. To, ƙarya nake, kaɗan don haka ne.

Kin yi gaskiya, na ɓata miki aiki. Hannuna abin da ya sani ya yi. Mu a wurinmu nama shi ne abin da ake rabuwa da shi, ban taɓa tunanin akwai mai nemansa ba. Ki yi haƙuri. Amma kada ki ƙara ce mini kada in taɓa. Yashin nan ba na malaminki ba ne.

Yanzu saurara. Ɗan ajinku ya ce a tambayi tururuwa, to na tambaye su. Tururuwa nama suke ci, ba sa cin dutse. A kowane murfi, bayan na ɗauke ɓawo, akwai abin da suka bari: wasu 'yan fararen duwatsu uku masu kama da ƙwayar kabewa, da ɗan ɓarɓashi kamar gishiri. Kin san ni, ba na zubar da abu. Kowane murfi na rufe shi da takarda, na ɗaure da zare, na jera a kan kanta, wai ko basilla za ta shige duwatsun in yi wani abu da su. Ba ta shiga ba. Suna nan dai, talatin da huɗu, ba wanda ya gauraya da wani.

Da na dawo na tarar da wasiƙarki ta Yuli, sai na sauko da murfi ɗaya, na zuba a farin faranti a bakin taga, na ɗauko gilashin karatun Athol. Yarinya, wannan ne ya gagare ku ke da malaminki yini biyu? Mai zane-zanen nan jaririn ƙumbar da muke dafawa ne. Mai santsi kamar tangaran kuwa katantanwar nan ce da muke kira 'yar haƙori. Shekara sittin ina tsince su daga cikin tsakuwa, ko ƙurarsu aka miƙo mini na san mai ita. Murfi shida na duba. Biyar ƙumba ce da 'yar haƙori, na shida ya haɗa da 'yar shinkafa, wadda nake shan wahalar nema don jerawa tsakanin masu ƙyalli. Ashe ɓarawona ne ma duk shekarun nan.

Clyde ya ce in juye duka a ambulan in aika miki. Na ce ya sha shayinsa ya yi shiru. Na farko, in suka gauraye sun tashi aiki. Na biyu, sunayen da na sani ba su ne na littafinku ba. Sai an ajiye cikakkiya kusa da gutsure, ni in ce wannan ce, ke ki rubuta sunanta mai tsawon nan. Cikakkun kuwa suna nan a kwalabena, ba irin wadda babu. Na uku ba zan faɗa ba, kin sani.

Babbar janyewar ruwa tana zuwa tsakiyar Satumba. Tsuntsayenki biyu suna nan. Wato ɗaya da rabi.

Kakarki,
Elvie

*

Hobart, 27 ga Agusta

Nana,

Na gode Allah kina lafiya. Na nuna wa malam wasiƙarki, ya karanta sau biyu, ya tambaya ko kina ɗaukar ɗalibai. Na ce sai mai jure wari.

Ina zuwa a jirgin Talata, 14 ga Satumba, kwana goma zan yi. Zan taho da madubin makaranta mai ƙara girman abu, da sabon sifirit, wanda za a ɓoye miki. Kada ki taɓa ɗaya da rabin nan.

Me ya sa ba ki gaya mini maganar idon tun farko ba?

Narelle

*

Cape Barren, 22 ga Nuwamba

Zuwa ga mai fasa katantanwa,

Gaisuwa. Gwiwa ta huce tunda rana ta dawo. Idon hagu yana nan, da safe ya fi biyayya. Clyde ya ce a gaishe ki, kuma ki dawo masa da gwangwaninsa.

Takardarki ta iso, na ji an karɓi aikin. Clyde ya karanta mini inda kika sa sunana, a gaban kanti, da ƙarfi, har sau uku. Ya yi ta neman inda aka gode wa mai riƙe bokiti bai gani ba. Tururuwa ma ba ki ambace su ba. Na ba su sukari a madadinki.

Kin tambaye ni tun a Agusta me ya sa ban gaya miki maganar ido ba, kika zo kika tafi ban amsa ba. Ga amsar. Ban so ki zo jinya ba. Mai jinya zama take yi ta riƙe miki hannu, ni kuwa hannunki nake so a kan tebur.

Gida ya yi shiru tun da kwana gomanki suka zama ashirin da uku suka ƙare. Ina zaune a teburin nan ina tuna ranar da muka gama murfi na ƙarshe. Kina ta surutun malaminki, hannunki kuwa yana jera masu ƙyalli a kan faranti, babba a tsakiya, ƙanana a gefe, ba wanda ya ce ki yi. Na tura basilla kusa da kofin shayinki, na tashi wai zan duba wuta. Wutar lafiyarta lau. A bayan ƙofa na tsaya, na ji kin fasa ta farko, na ji abin da kika faɗa, kuma ba a jami'a kika koyo shi ba, na Athol ne. Goma sha ɗaya kika fasa kafin basilla ta shige ɗaya lafiya. Ni goma sha huɗu na fasa a ranata, amma in kika gaya wa Clyde zan ƙaryata.

Zarenki yana nan a kwano yadda kika bar shi, tsawon tafin hannu, a karkace. Ban taɓa ba. Kin ce za ki ƙarasa a Disamba. Ki taho da takalmin roba, a Afrilu za ki shiga ruwa har ƙugu, ni ina zaune a kan dutsen Athol ina nuna miki da sanda. Ƙudaje ma naki ne baɗi.

Abu ɗaya kuma. Safiyar babbar janyewa, da kika zura yatsu kika ciro kitsen yashi, kika tsaya da shi a tafin hannu kina kallo, kika juyo kika ce, "Nana, wai wannan ne? Tambayar nan taki?" Na ce miki ruwa yana dawowa, a yi sauri. Wata tara kina yanka shi kina aunawa, sai ranar kika gan shi. Mu ba ma faɗa wa yarinya amsa, ita take tonowa. Ke shekara goma sha huɗu kika ɗauka, kin kafa tarihi a gidan nan.

Kakarki,
Elvie

*

Kai kuwa mai karatu, ba jikata ba ne, kuma ba na jin za ka zo ka yi rarrafe a sanyin nan, don haka ga amsar. Kitsen yashi ne. Ɓawonsa a cikin jikinsa yake. A ƙarƙashin yashi yake tafiya, ya bar 'yar hanya a sama. Yana haɗiye ƙumba ɗungum, ya niƙe ta da duwatsu uku da ke cikinsa. Yana nan bayan gidana duk ranar da ruwa ya janye.